Idan Hadari Ya Hana Ka Barci

Ɗana, an ce mini yanzu da hadari ya haɗo gabas sai gabanka ya faɗi, ka kwana idonka biyu. Ban ga laifinka ba. Wanda ya ga yadda madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shanye unguwannin Maiduguri, ko ambaliyar 2022 da ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya, dole jikinsa ya yi sanyi.

Kuma irinka suna da yawa. A 2021 mujallar Lancet Planetary Health ta buga binciken da aka yi kan matasa 10,000 a ƙasashe goma, har da Najeriya. Kashi 59 cikin ɗari sun ce sauyin yanayi na damunsu matuƙa, kashi 45 kuma damuwar ta taɓa musu ci da barci da karatu.

Halin waɗannan na biyun nake guje maka. Allah Ya sanya wa ɗan Adam tsoro ne domin ya zabura ya kare kansa. Kai kuwa kana kwance da waya har ƙarfe biyun dare, daga wannan bidiyon ambaliya zuwa wancan, zuciya na dukan uku-uku, ba ka tsare komai ba, sai lafiyarka da kake ci.

Dubi manoman Maraɗi da Damagaram. Farin shekarun 1970 da 1980 ya firgita su fiye da yadda kake zato, don su yunwar suka gani da idonsu. Sai suka daina tumɓuke kututture in sun zo sharar gona, suna barin tohon gawo da kalgo, su rage rassa su bar masu ƙarfi. Sassaben zamani ke nan. Da wuƙa da haƙuri kawai, an ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a hekta miliyan biyar na Nijar.

To kai ma, tun kafin damina ta kankama, tara samarin layinku ku yashe kwata. Saurari hasashen hukumar kula da yanayi ta NiMet, ka kai wa tsofaffin da ke bakin rafi labari. Bayan sallar isha'i a ajiye waya.

In kuma abin ya kai makonni, ba barci, ƙirji na cushewa, je ka ga likita, kada ka tsaya jin masu cewa rashin tawakkali ne. Ka faɗa wa mahaifiyarka, ko ka zo mu tafi tare.