"Na Ɗauka, Amma..."

Ƴan uwa ɗalibai, wata tambaya ce wani abokina ya jefa mani muna shan shayi bayan isha'i, har yau ba ta bar ni ba. Ina ba su labarin yadda hutun damina ya ƙare mani wajen zirga-zirga saboda wani yaro da aka kama, sai ya katse ni: "Kai yanzu duk karatun naka a kan ɓarawo za ka ƙarar da shi? Wadda aka yi wa satar fa, wa ya yi mata zirga-zirga?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da na kwanta na ga tambayar ta cancanci amsa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Agye da Gazawa, ba nisa da babbar hanya. Yaron maƙwabcinmu ne, uban ya tafi cin rani Nijeriya ya daɗe babu aike. Wata tsohuwa, mijinta ya rasu, ta ba yaron kiwon akuya bisa alkawarin da kowa ya sani: haihuwa ɗaya tata, ɗaya tashi. Cikin watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, uwarsa ta kwanta da zazzaɓi, sai ya ja ƴar akuya guda ya kai kasuwa ya sayar jika goma sha biyar, ya sayi magani da tiyoyin hatsi. A lissafinsa wannan haihuwar tashi ce. A lissafin tsohuwa ba a kai ga rabonsa ba, don ta farko ta mutu tun tana ƙarama. Jikan tsohuwar ya zo daga birni, ransa ya ɓaci, bai bi ta wajen maigari ba ya kai ƙara.

Da aka tambayi yaron ko shi ya ɗauki akuyar, sai ya sunkuyar da kai ya ce: "Na ɗauka, amma..." Abin da ya biyo bayan "amma" dogon zance ne na kiwo da rabo da ciwon uwa, cikin rawar murya, ba kai ba gindi. Abin da ya shiga takarda da Faransanci layi ɗaya ne: ya amsa laifinsa. Ya dangwala yatsa a ƙarƙashin rubutun da bai iya karantawa ba. Ba na zargin wanda ya rubuta da mugunta. Mutum ne mai aiki da yawa, ya ji "na ɗauka", ya rubuta abin da ya ji. Amma ni da nake karatun kimiyyar harshe, a nan hankalina ya tashi.

Duba mini: "ɗauka" ba "sata" ba ce. Mutum na ɗaukar abinsa, yana ɗaukar na wani bisa kuskure, yana ɗaukar aro. Ita kanta dokar hukunta laifuka ta Nijar ta raba sata da cin amana, wato wanda ya sace abin da ba a hannunsa yake ba daban, wanda ya cinye abin da aka damƙa masa daban. Akwai kuma abu na uku da ba laifi ba ne ko kaɗan, saɓani kan rabo, wanda maigari ke kashewa a zaure. Kalma ɗaya ta Hausa tana iya faɗawa cikin kowanne daga ukun nan, kuma tafinta ne ke zaɓa mata gida cikin ƙiftawar ido. Haka "to". Bahaushe na cewa "to" don ya yarda, yana cewa "to" don ya ji, yana cewa "to" don babba na magana kuma ba a musu da babba. Yaron da aka hora da kunya ba ya kallon idon manya, sai sunkuyar da kan nan ya zama kamar na marar gaskiya.

Saboda haka idan aka ce talaka ba ya da bakin magana a gaban shari'a, ba karin magana ba ne kawai. Yana da baki, amma rabin maganarsa ke isa. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Abin farin ciki ne, sai dai dokokin da alƙali ke buɗewa da takardun da ke gabansa da Faransanci aka rubuta su, kuma ba a kwana ɗaya wannan zai sauya ba.

Doka ba ta manta da talaka ba, wannan gaskiya ne. A watan Disamba na 2011 aka yi dokar da ta kafa hukumar ANAJJ, wadda aikinta shi ne wayar wa mutane kai kan shari'a da samar wa marasa hali mai kare su kyauta, musamman yara. Da yake mafi yawan lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune, a jihohi akan naɗa wasu mutane da ba lauyoyi ba, kamar malaman makaranta, su tsaya wa wanda ake tuhuma. Tsarewa a hannun jandarma ko ƴan sanda kan laifi irin na yau da kullum awa 48 ne, ana iya ƙarawa sau ɗaya. Yaron da bai kai shekara 13 ba doka ba ta ɗora masa laifi, wanda bai kai 18 ba kuma alƙalin yara ke duba lamarinsa, bisa dokar kotunan yara ta 2014. Duk da haka rahotanni sun sha nuna cewa fiye da rabin mutanen da ke gidajen kaso na Nijar ba a yanke musu hukunci ba, jira suke.

To ga inda gizo ke saƙa. Yaronmu dogo ne, gemu ya fara tsiro, kuma ba ya da takardar haihuwa. Shekara 17 yake ko 19? Amsar ita ce za ta ce ko gaban alƙalin yara za shi ko cikin manya. Ni da uwarsa, tana jan jiki, muka je wajen diraktan lakwal ɗin da ya taɓa yi, ya zaro tsohon littafin rajista, muka kuma tono katin allurar rigakafi daga ƙasan kwalla. Da waɗannan aka yarda yaro ne. Daga nan wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta hau babur ta zo ƙauyen. Ta zauna kan tabarma ta ce wa uwar: "Inna, kar ki ji tsoro, ba kama kowa na zo yi ba. Ki faɗa mini tun daga farko." Ta leƙa rumbu, ta ga takardar maganin, ta ji maigari, ta ji mutum biyu da suka san alkawarin kiwon. Sannan ta je ta gaida tsohuwar, ta daɗe a ɗakinta fiye da ko'ina. Abin da ta rubuta wa alƙali shi ne sauran maganar da ta biyo bayan "amma".

Wannan aikin nake karewa. Lauya ya san doka, amma ba shi zai leƙa rumbu ba. A Amurka tun 1963 kotun ƙoli ta ce dole gwamnati ta ba talakan da ake tuhuma da babban laifi lauya, daga baya wasu ofisoshin lauyoyin talakawa, kamar na Bronx a birnin New York da aka buɗe a 1997, suka ga lauya kaɗai bai isa ba, suka haɗa shi da ma'aikatan jin daɗin jama'a. A Malawi tun 2000 mataimakan shari'a da ba lauyoyi ba ke shiga gidajen kaso suna bin takardun waɗanda aka manta da su. Mu nan yaro na iya samun mai zuwa gidansu. Wanda ya haura 18 da wata ɗaya, galibi ba mai zuwa.

Yanzu in koma ga abokina, don bai yi ƙarya ba. Tsohuwar nan ba mai kuɗi ba ce. Akuyar ita ce bankinta, ita ce asibitinta. A ƙauyukanmu talaka ne ke cutar talaka, kuma akwai wani irin tausayi na ƴan boko da ke ganin hawayen wanda aka kama ya manta da wanda aka yi wa hasara. Ku je yankin Gidan Runji ku faɗa wa wanda ƴan bindiga suka kore wa shanu, ko ya sayar da gona ya fanshi ɗansa, cewa a tausaya wa wanda ake zargi, ku ga kallon da zai yi muku. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako yankin suna gudun wannan masifa. Fushin mutane yana da dalili.

Amma a daidai inda fushi ya fi dalili, a nan aka fi bukatar mai bincike. Inda tsoro ya yi yawa, baƙo da ɗan kiwo da wanda Hausarsa ta bambanta su ake fara nunawa da yatsa. Bafulatanin da Hausa ba harshen uwarsa ba ce, maganarsa sau biyu ake juya ta kafin ta kai takarda. Kuma yankin nan ya riga ya ga ƙarshen hukuncin fushi: a Toda, cikin Oktoba na 1991, rigimar manoma da makiyaya ta ci rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Idan aka kulle wanda bai yi ba, wanda ya yi yana waje, kuma mai shanu bai samu ko maraƙi ba.

In kuwa ya yi fa? Ko a nan bayani ba wanke laifi ba ne. Sanin dalili shi ke sa hukunci ya zo daidai da mutum, kamar yadda tela ke awo kafin ya yanka. Malamanmu na karantar da cewa Sayyidina Umar bai zartar da haddin sata ba a shekarar yunwa, kuma a cikin Muwaɗɗa akwai labarin bayin da suka sace raƙuma suka yanka, da ya gane maigidansu na barin su da yunwa sai ya ɗora wa maigidan biyan ninkin kuɗinta. Lura da kyau: bai ce ba a yi sata ba, bai kuma bar mai raƙuma hannu wofi ba. Ya tambayi abin da ke bayan "amma", sannan ya sa aka biya. Mai taimakon wanda ake tuhuma da ya manta da mai hasara ya yi rabin aiki, daidai da takardar da ta tsaya a "na ɗauka".

Mu ɗalibai ba alƙalai ba ne, kuma bai kamata mu yi shigar lauyoyi ba. Amma muna karanta Faransanci, muna jin Hausar Gobir da ta Katsina, wasunmu na jin Fulatanci. Idan aka kama ɗan unguwarku a hutu, za ka iya raka uwarsa, ka karanta mata takarda, ka tambayi ofishin taimakon shari'a a kotu, ka nemi shaidar shekaru. Tun kafin a kama kowa ma, ka matsa wa gidanku a yi wa ƙannenka takardar haihuwa. Mu masu karatun harshe kuwa akwai bashi a kanmu: kalmomin shari'a cikin Hausa, da tafintocin da suka san cewa "to" kala-kala ce.

Yaron ya yi sati biyar a tsare kafin a sake shi. Noman biyu ya wuce shi, gonarsu ta cika da ciyawa, abin da suka girbe bai kai su ko'ina ba. An sasanta cewa zai biya tsohuwar rabin kuɗin bayan kaka, ya kuma biya. Ranar da ya dawo na raka shi gaishe ta. Ta dube shi ta ce: "Kai ɗan nan, da ka zo ka ce mani uwarka na kwance, ni mi za ni yi da akuya?" Ya yi shiru. Ba ta sake ba shi kiwo ba, kuma ban ga laifinta ba.