Gajiya Ba Ta Ɗauke Amana: Jiki, Kasuwa da Dokin Turke

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.



Maganarmu ta wannan Juma'a a kan gajiya take. Duk wanda aka tambaya yaya gajiya, sai ya ce ba gajiya, alhali sahun Asuba yana raguwa, wasu kuma gyangyaɗi suke ana huɗuba. Da yawanmu mun baro Kano, Katsina, Zariya ko Maraɗi muka zo Bauchi neman halal. A can gida akwai ƙanne da yaran gida da ake raba aiki da su. A nan kuwa mutum ɗaya ne zai buɗe shago a Wunti ko Muda Lawal, ya bi bashi, ya kai yara makaranta, sannan wasunmu ga doki a turke saboda hawan Sallah da kilisa. Ga hawan jini, ga ciwon suga, ga ciwon baya.

Doki dabba ce mai daraja. Allah Ya yi rantsuwa da dawaki a Suratul Adiyat. Amma hidimarsa ba wasa ba ce. Yana shan ruwa lita 25 zuwa 40 a rana, ya wuce haka idan bazara ta kama. Ga harawa da dusa da gero da kanwa, ga sharar barga safe da yamma, ga wanka, ga motsa shi. Shi bai san ranar da maigida ya kwana da zazzaɓi ba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar (RA). Lokacin da Zubairu ɗan Awwam ya aure ta, ba shi da dukiyar kirki sai doki da raƙumin ɗiban ruwa. Ita take yi wa dokin ciyawa, ta ba shi abinci, ta ɗebo ruwa, ta ɗauko ƙwallon dabino a ka daga gonarsa mai nisa. Ta bayyana cewa duk cikin aikinta babu mai wuya kamar kula da dokin. Da ta samu mai aiki da ya ɗauke mata wannan nauyi, sai ta ji kamar an 'yanta ta. Mu lura da abu biyu. Sahabiya ce mai girma, amma ta gaji, ta kuma faɗa. Sannan abin da ya kawo mata sauƙi shi ne taimakon wani. Don haka cewa "na gaji" ba raunin imani ba ne, neman taimako kuma ba abin kunya ba ne.

Gaskiya ne gajiyar mumini da ciwonsa suna kankare zunubi. Sai dai wannan bai ba mu damar sakaci da jiki ba. Salmanul Farisi ya hana Abu Darda'i takura wa kansa da azumi da tsayuwar dare, ya tuna masa cewa ransa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. To idan a ibada ma an hana mu ƙure jiki, ina ga neman kuɗi?

Gajiyar da ta kai mako biyu barci bai kore ta ba, a je a auna jini. Ƙarancin jini, ciwon suga, zazzaɓin cizon sauro da ciwon hanta duk suna zuwa da kasala. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya sallama. Idan awo yana kai 140/90 a kai a kai, a ga likita. Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ƙananan asibitocin unguwa suna kusa da mu. Don Allah a daina haɗiye ƙwayoyin gajiya daga masu talla, musamman Tramadol. Suna rufe ciwo ne kawai, daga baya su zama jaraba.

A rage hirar dare da danna waya, a nemi barcin awa 7, a yi ƙailula ko da ta minti 20 ce bayan Azahar. Kafin kwanciya a riƙe abin da Annabi (SAW) ya koya wa Nana Faɗima da ta nemi mai aiki: tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 34.

Sai maganar dokin kansa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ja kunnen wani Ba'ansare da yake barin raƙuminsa da yunwa yana kuma wahalar da shi. Duk dabbar da muka ɗaure, abincinta da ruwanta suna wuyanmu. Kada kuma mu jibga wa uwargida ko yaron da ya kamata yana aji. Masu dawaki a unguwa ɗaya su haɗa kuɗi su ɗauki ɗan barga guda, su sayi harawa tare tun da kaka kafin ta yi tsada. Wanda kuma ƙarfinsa ko aljihunsa ya gaza, ya ba wani amintacce riƙo ko ya sayar. Hawan Sallah 'yan kwanaki ne a shekara, amma hisabin dabba mai yunwa yana nan yana jira.

Mu kuma sauran, idan ba mu ga mutum a sahu kwana biyu ba, mu leƙa gidansa, mu duba har bargarsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a nemanmu, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.

Wassalamu alaikum.
Sakataren Masallaci