Angon Da Ya Kasa Kusantar Amaryarsa: Abin Da Shari'a Ta Ce

 A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili akwai ta wani saurayi da ya roƙi a sakaya sunansa da garinsu, mun kuwa sakaya. Ya ce watansa biyu da aure, amma har yau bai sami ikon biya wa amaryarsa haƙƙin kwanciya ba. Da ya nufe ta sai gabansa ya kwanta, ga kuma wani ciwo da yake ji a 'ya'yan marainansa. Gwaggonsa ta ce ɗaure shi aka yi, har ta fara zargin wata yarinya da ya nema bai aura ba. Abokansa kuma sun ce basur ne. Yana tambaya: ya saki yarinyar nan ta huta, ko kuwa ya yi shiru ya ci gaba da shan rubutu?

Da farko dai, ya ɗan'uwa, ka yi daidai da ka tambaya. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yabi matan Ansaru saboda kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Ya kuma zo a cikin Buhari da Muslim cewa matar da Rifa'atul Ƙurazi ya saka, wadda Abdurrahman ɗan Zabir ya aura daga baya, ta je gaban Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wa Sallama, ta kai kukan raunin sabon mijinta a fili, Sayyidina Abubakar yana zaune. Halidu ɗan Sa'idu, wanda ke bakin ƙofa yana jiran izini, ya so a kwaɓe ta. Annabi kuwa murmushi kawai ya yi, ya ba ta hukuncin da ya shafe ta. To, maganar da aka yi ta a wannan majalisi mai alfarma ba ta fi ƙarfin a yi ta gaban malami ko likita ba.

Malamanmu na mazhabar Maliki ba su bar wannan babi a duhu ba. Sun rarrabe aibobin da ke ba mace zaɓi a kan mijinta. Akwai wanda aka yanke wa gaba, akwai wanda aka fiɗiye, akwai wanda halittarsa ta ƙanƙance har ba ta iya aikin. Akwai kuma wanda suke kira mu'utaradi, watau wanda halittarsa lafiya lau take, sai dai ba ta miƙewa. Mai wasiƙarmu a nan ya faɗo. Shi wannan, hukuncinsa dabam ne, domin ana sa ran warkewarsa. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, daga Sa'idu ɗan Musayyib, cewa ana ɗibar masa shekara guda. Haka Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya tabbatar a cikin Risala, littafin da kusan kowace makarantar zaure ta ƙasar Hausa ke karantawa. Idan ya sadu da ita a cikin shekarar, magana ta ƙare. Idan bai iya ba, sai a raba su, in ita matar ta so. A lura da wannan sharaɗi. Zaɓin nata ne, ba na uwarta ba, ba na gwaggon miji ba. Lissafin shekarar kuma ba daga daren tarewa yake farawa ba, sai daga lokacin da magana ta je gaban alƙali.

Malamai sun ce hikimar shekara ita ce mutum ya ratsa dukkan yanayi, ko jikinsa ya dace da ɗaya. A wurinmu ke nan ya ga bazara, ya ga damina, ya ga kaka, ya ga hunturu. Ku dubi wannan sauƙi, jama'a. Shari'a ta ba mutum wata goma sha biyu, mu kuwa ba ma ba shi ko kwana bakwai. Tun ran buɗar kai tsofaffi sun kasa kunne, abokan ango suna zolaya, ƙawayen amarya suna tambaya. Yaron da bai taɓa sanin mace ba, ga gajiyar biki, ga bashin lefe a wuyansa, ga tsoron kada ya ji kunya, ina jikinsa zai saki? Likitoci sun tabbatar cewa fargaba kaɗai tana kwantar da gaban lafiyayyen namiji, kuma kasawar daren farko ita ke haifar da tsoron dare na biyu, abu ya yi ta maimaita kansa. Mafi yawan irin wannan yakan wuce idan aka daina ƙidaya darare, miji da mata suka saba da juna, suka yi hira da wasa ba tare da an ɗora wa kowane dare sharaɗi ba. Aya ta 21 ta Suratur Rum natsuwa ta ambata a kan manufar aure, tare da ƙauna da jinƙai, natsuwa kuwa ba ta samuwa ga wanda ake jira a bakin ƙofa.

Amma fa maganar ciwon maraina dabam ce, kada a haɗa ta da haƙurin shekara. Akwai ciwon da ba ya ba da ko yini guda. Idan ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya a ɗan maraina guda, da kumburi, wani lokaci da amai, yana yiwuwa jijiyar da ke riƙe da shi ce ta murɗe, jini ya daina isa gare shi. Likitoci suna ƙoƙarin a yi aikin cikin kamar awa 6, in an wuce haka ƙwan yana iya mutuwa. Wanda ya sami kansa a haka, ko tsakar dare ne, asibiti zai nufa, ba a jiran asuba. Ciwon da ke zuwa a hankali, da zazzaɓi ko zafin fitsari ko fitar mugunya, sau da yawa ƙwayar cuta ce, ciki har da ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa. Wannan yana jin magani, amma dole a yi wa matar ita ma, in ba haka ba su yi ta mayar wa juna, har ya taɓa haihuwa. Akwai kumburin jijiyoyin jini na maraina, akwai gwaiwa, akwai hangum da kan sauka can idan ya kama baligi. Akwai kuma nauyin da namiji kan ji idan sha'awa ta daɗe ba ta sami mafita ba, wanda ke wucewa da kansa. Mai rarrabe waɗannan sai wanda ya duba da ido ya auna. Malamai kuwa sun halatta wa likita duba al'aura gwargwadon larura. Hadisin Usamatu ɗan Sharik, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, umurni ne da neman magani. Har ila yau, raunin gaba kan zama alamar farko ta ciwon sukari ko hawan jini ko toshewar hanyoyin jini, saboda haka a auna su. Mai shan taba kuma ya san tana cikin masu jawo shi.

Sai maganar gwaggo. Ba mu musun sihiri, Alƙur'ani ya ambace shi a Suratul Baƙara, har da masu raba miji da matarsa. Amma tabbatar sihiri a duniya abu guda ne, ɗora shi a kan wance 'yar wane ba da shaida ba kuwa zato ne, Suratul Hujurati ta yi kashedi a kansa. Gidaje nawa suka daina gaisawa saboda ciwon da allura biyar za ta warkar? Ka karanta Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu, ka riƙe addu'ar da aka koyar kafin kusantar iyali, wannan duka alheri ne. Zuwa wurin boka ko mai duba kuwa haramun ne, ko da ya rataya tasbaha. Haka nan masu tallar maganin maza da lasifika a tasha da kasuwa, suna zuba batsa a kunnen yara da manya. An sha samun irin waɗannan haɗe-haɗe da sinadarin Viagra a ɓoye, ba bisa awo ba. Ita wannan ƙwaya, wadda aka fara yarda da ita a Amurka a 1998, halal ce ga mai aure idan likita ya rubuta, amma tana iya kashe mai shan wasu magungunan ciwon zuciya.

Amsarmu ga mai wasiƙa ita ce kada ka yi saki cikin gaggawa, kada kuma ka yi shiru. Ka zaunar da matarka ka gaya mata gaskiya, domin mace da yawa a irin wannan hali takan ɗauka mijin ne ba ya sonta, ta yi ta kuka a ɓoye. Ka je asibiti a makon nan. Ita kuma amarya, asirin mijinki amana ce. Hadisin Abu Sa'idil Khudri da ke cikin Muslim ya yi tsananin gargaɗi a kan watsa sirrin shimfiɗa. Wannan bai hana ki kai kuka ga waliyyinki ko alƙali ba idan abu ya ƙi, domin neman haƙƙi ba tonon asiri ba ne, kuma babu mai ikon kiranki marar kunya saboda shi. Idan an yi magani, shekara ta cika, ta ce ba za ta iya ba, to, ka sawwaƙe mata da kyautatawa, kada ka riƙe ta don gudun bakin mutane alhali tana cutuwa.

Wanda kuwa ya san da wannan lalura a jikinsa tun kafin ɗaurin aure, ya ɓoye, ya bari aka kai masa 'yar mutane, wannan algushu ne, hukuncinsa da na sadakin da ya bayar sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.