Nasiha Ga Ikhwani A Kan Itatuwan Hanya

Da sunan Allah nake farawa. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da ruwa ya rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ya ku 'yan'uwa cikin ɗariƙa, ku sani abin da ya sa na rubuta wannan takarda laifina ne na kaina. Akwai wani durumi a bakin hanya, ƙofar zawiyarmu, ya girme ni ya girmi ubana. A gindinsa muke jiran la'asar, nan makafi ke hutawa, nan mai tallan fura ke sauke ƙwarya. Sai wani ɗan'uwa ya so kafa rumfar ciniki, ya ce durumin ya tare masa wuri. Ya shawarce ni, na ji nauyinsa, na yi shiru. Aka sare shi a yini guda. Da bazara ta zo na ga wani tsoho tsaye a wurin, yana kare kansa da buzunsa, yana neman inda zai zauna bai samu ba. Ran nan na san shiruna zalunci ne, na nemi gafarar Allah.

Fasali na farko, a kan haramcin ɓarna. Ku sani inuwar hanya haƙƙin jama'a ce, ba ta mai gida ba ce ko da tana ƙofarsa. Abu Dawuda ya ruwaito narko mai tsanani a kan wanda ya sare magarya, kuma ya bayyana cewa ana nufin wadda matafiyi da dabba ke fakewa a inuwarta, a sare ta ba bisa haƙƙi ba. Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar ya hana rundunar Sham sare itace mai 'ya'ya. Kadan an hana haka a fagen yaƙi, ina ga garin da kake salla a cikinsa? Ku duba Kano: Kurna, Giginyu, Ɗorayi, Durumin Iya, duk sunayen itatuwa ne. Kakanninmu sun bar mana inuwa har ta zama sunan unguwa. Mu me za mu bari?

Kuma ina gargaɗin masu sassaƙen maɗaci da darbejiya domin magani. Abincin da ganye ke sarrafawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Wanda ya sassaƙe itace ya kewaye shi, ya yanke masa wannan hanya, zai bushe a tsaye. Ka ɗiba kaɗan a gefe guda, ka bar saura.

Fasali na biyu, a kan falalar dashe. Ya inganta cikin Buhari da Muslim cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ce gare shi. Imamu Ahmad ya ruwaito umarni ga wanda Alƙiyama ta riske shi da ɗan dabino a hannu, ya dasa shi in ya sami iko. Kuma 'yancin Salmanul Farisi da dabino 300 aka biya shi tare da zinariya, sahabbai suka tara 'ya'yan dashen, Ma'aiki ya sa su a ƙasa da hannunsa mai albarka. Wane ne a cikinmu ya fi ƙarfin ya taɓa ƙasa bayan wannan?

Darbejiyar nan da ake kira dogon yaro asalinta ƙasar Hindu ce. An fara dasa ta a Borno a 1928, ga shi yau ta cika titunan Maiduguri da Kano. Alhazanmu sun same ta a filin Arfa tana yi wa baƙin Allah inuwa. Wanda ya dasa bai san wa zai yi talbiya a ƙarƙashinta ba, amma Allah ya sani.

Fasali na uku, a kan reno, shi ne maƙasudin takardar nan. Bayan saran durumi na dasa itatuwa goma domin kaffara, na tafi ina murna. Kafin kaka awaki sun cinye bakwai, rani ya kashe biyu, ɗaya tak ya rayu, shi ne wanda ke kusa da wurin alwala. Sai na gane dashe kamar karɓar wuridi ne a hannun muƙaddami, aikin yini guda. Reno kuwa shi ne lazimta safe da maraice. Da yawa sun karɓa, kaɗan suka riƙe.

Saboda haka ga abin da nake nema gare ku. Kowane muridi ya ɗauki itace ɗaya, kada ya ƙara sai wannan ya kama. Ya nemi izinin mai unguwa, kada ya ƙuntata hanya, domin kawar da cuta daga hanya yanki ne na imani. Ya nisanci gindin katanga da bakin kwata da ƙarƙashin wayar lantarki. Ya haƙa rami kamu ɗaya zurfi da faɗi, ya gauraya ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ya cire ledar da ke saiwa, ya dasa sa'ad da damina ta zauna, cikin Yuli ko farkon Agusta. Ya kewaye shi da ƙaya ko kwando tun ran nan. Ya shayar da shi rani biyu, ko da ragowar ruwan buta ne bayan kowace salla. Kadan zai yi tafiya ya damƙa shi ga ɗan'uwa, kamar yadda yake damƙa iyalinsa.

Kuma ku gyara niyya. Kada ka rataya sunanka a jikinsa, kada ka hana kowa inuwarsa, Musulmi ko wanda ba Musulmi ba, mutum ko jaki.

Allah ya gafarta mini shiruna, ya yafe wa ɗan'uwan da ya sara, ya sanya mu a inuwar Al'arshinsa ranar da babu wata inuwa. Wanda ya karanta ya sa ni cikin addu'a. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Amin.