Hasumiyar da ta Karkata

A birnin Pisa na Italiya akwai hasumiyar majami'a wadda ta karkata kamar za ta fāɗi. Baƙi sukan taru suna kallo. An soma ginin a 1173 bisa ƙasa mai taushi. Da magina suka ga ta karkata, sai suka ƙara tsawon gefe ɗaya a benayen sama.

'Yan'uwa, haka waɗansunmu suke yi. Ana gaba da maƙwabci duk mako, ran Lahadi kuwa a sa farar riga a ɗaga murya cikin waƙa. Mu karanta Matta 7:24-27.

Hasumiyar ta dinga karkata har aka rufe ta a 1990. Sai da aka kwashe ƙasa daga ƙarƙashin gindinta kafin aka sāke buɗe ta a 2001.