Sabo Turken Wawa

Kwanan nan karin maganar nan ta zama abin gori a bakin samari. Dattijo ya ƙi ajiye kuɗinsa a waya, sai a jefe shi da ita, kamar duk abin da ya shigo jiya shi ne hikima. Abin yana damuna, domin inda na san maganar ta tabbata, babu wani baƙon kaya da aka shigo da shi.

Ƙasar Maraɗi nake nufi. Shekara da shekaru, manomin kirki a can shi ne wanda ya yi sassabe ƙal, ya sare duk tohon da ya fito a kututture, ya tara ya cinna wuta. Wanda ya bar itace a gona kuwa rago ne. Gonaki suka yi fayau, iska ta riƙa binne shukar gero da rairayi, mutum ya yi shuka biyu ko uku a damina ɗaya. Masu ayyukan raya karkara na ta dashen itatuwa, mafi yawa na mutuwa, baɗi a sake. Su ma nasu turken ke nan. A 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da kowa ke rainawa toho ne na itatuwan da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai. Sai a bar rassa kaɗan masu ƙarfi, a datse saura. Sassaben zamani ake ce masa, kuma da gatarin da aka saba ake yin sa. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar, gawo da kalgo da sabara.

To, amma wawaye ne manoman can na farko? Nan nake cijewa. Dokar daji ta lokacin ta mai da itace na gwamnati: ka rene shi a gonarka, ranar da ka sari reshe malamin daji ya ci ka tara. Ko a yunwar 1984, da aka ba da abinci don a bar toho, da yawa sun sare bayan an daina rabo. Sai da aka ga maƙwabci na sayar da itacen girki, hukuma kuma ta sassauta, sannan abin ya bazu. Dabarar ce ta kwance su, ko sakin da hukuma ta yi? Ina ƙaunar dabarar ƙwarai, amma zuciyata ta fi karkata ga na biyun.