Guzurin Mai Jego Yana Gaba da Ragon Suna

Da sunan Allah muke farawa. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raya mu a cikin mahaifar uwayenmu, Ya sanya musu tausayinmu tun ba mu san kanmu ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi na ƙasar Tasawa da ƙasar Mayahi, nasiharmu ta wannan fitowa ta shafi wani haƙƙi ne da yawancinmu muka yi wa riƙon sakainar kashi, wato tanadin abin da mace za ta yi jego da shi. Allah Ya ba maigida sanarwa ta wata tara cur. A cikin wannan lokaci za ka ga ya ɗaure rago yana kiwo, ya yi cinikin goro da dabinon rabo, ya ɗinka sabuwar riga. Ranar suna ƙofar gida ta cika maƙil, alhali kuwa wadda ta sha wahalar tana cikin ɗaki, ba ta da komai sai fura tsararo. Wannan juya al'amari ne, an ɗora mustahabbi a kan wajibi.

Mu duba abin da shari'a ta ce. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 233, Allah Ya ɗora ciyar da masu shayarwa da tufatar da su a kan uban yaro, gwargwadon abin da aka sani na kyautatawa. A cikin Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6 da ta 7, Ya yi umurni a ciyar da mai ciki har ta sauka ko da an sake ta, mawadaci gwargwadon wadatarsa, matalauci gwargwadon abin da Allah Ya hore masa. To, idan wadda aka saki tana da wannan haƙƙi, ina ga wadda take cikin ɗakinta? Mu kuma tuna ƙissar Nana Maryamu, amincin Allah ya tabbata gare ta, lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino. Abin da Ubangiji Ya tanadar mata a wannan hali shi ne ruwa mai gudana da ɗanyen dabino nunanne, Ya kuma umurce ta da ta ci, ta sha, ta kwantar da hankalinta. Abinci da ruwa da natsuwa: tushen jego ke nan.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan magana a dunƙule ba. Shehu Halilu, a cikin Muhtasar, ya lissafa ruwa da mai da itace da gishiri da nama lokaci-lokaci da abin shimfiɗa da ladan ungozoma a cikin abin da ke wajaba a kan miji, ya kuma bayyana cewa mai shayarwa ana ƙara mata abin da zai ƙarfafa jikinta. Amma yankan ragon suna, mai Risala ya sanya shi cikin sunnonin da ake so, dabba guda a rana ta bakwai, ko namiji aka haifa ko mace. Wanda ba shi da hali babu laifi a kansa. Wanda kuwa ya tozarta wanda ciyarwarsa ke wuyansa, hadisi ya nuna cewa wannan kaɗai ya ishe shi zunubi. Mai halin yin duka biyu sai ya yi. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, sai ya fara da wajibi.

Ƴan'uwa, tanadin nan tun da kaka ake fara shi. Kowa ya san yadda shekara take a wurinmu: hatsi yana araha bayan girbi, ya yi tsada da bazara, rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damina. Wanda matarsa za ta haihu lokacin noma ko maimai, ya ƙirga watanninsa tun ana ɗaurin damma. Ya ware damman hatsi da sunan jego, kada a taɓa su don biki ko biyan bashi. Ya ajiye wake da gujiya da mai. A busar da zogale da kuka da yakuwa a inuwa, a adana. A bar ƴan kaji da zabi da akuya mai nono, domin jikin da ya zubar da jini yana bukatar nama da hanta da ƙwai da wake kafin ya mayar. Ƙaurin da iyayenmu suka saba dafa wa mai jego al'ada ce mai kyau, sai dai kada ya zama na kwana ɗaya, kuma kada ƴan barka su cinye shi su bar mai shi da romo.

Sai kayan tsabta: sabulu isasshe, da zannuwa wankakku waɗanda aka shanya a rana, da ƙyallayen ƙunzugu masu yawa don ta riƙa canzawa, da bokiti nata na kanta, da sange mai magani wanda za ta kwana ciki ita da jinjiri, da fitila mai haske. Sai itace da ruwa. Abin kunya ne a ga mace ba ta yi mako biyu da haihuwa ba tana jan guga a rijiya mai gaba da yawa, ko tana sussuka da daka. A tsaida wadda za ta ɗauke mata aiki tun kafin ranar ta zo. Idan kuwa goyon ciki ta tafi gidan iyayenta, wannan bai sauke wa miji nauyi ba, sai ya aika da kayan can.

Sai kuma kuɗin ko-ta-kwana. Hukumar ƙasarmu ta ɗauke kuɗin tiyatar fidda jariri tun 2005, ta ɗauke na awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006, a 2024 kuma ta sanar da ɗauke kuɗin haihuwa a gidajen likita na gwamnati. Amma kuɗin mota da abincin ƴan jinya da wani maganin da za a rubuta suna nan a wuyan mai iyali. Mutumin Urafan ko Korgom ko Hawan Dawaki, da na Gidan Amumun ko Atantane ko Kanambakashe, ya san tazarar da ke tsakaninsa da babbar likita ta Tasawa ko ta Mayahi, wani lokaci ma sai an wuce har Maraɗi. Saboda haka a san mai amalanke ko mai motar da za a kira da tsakar dare, a riƙe lambar wayarsa, a ajiye katin awo inda hannu zai kai, a kuma san dangin da za su ba da jini in an bukata, domin ceton rai sadaka ce babba. Matanmu sun riga mu gane amfanin ajiya: asusun Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi ya faro a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Amma kada maigida ya jingina da asusun matarsa, dukiyarta tata ce. Mai niyyar tafiya cin rani Nijeriya ko Agadas ko Libiya, ya cika wannan tanadi kafin ya sa ƙafa a mota.

Akwai kuma abin da ya kamata mu rage a cikin kayan jego. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, wanda ke zuwa da kumburi da haki da tarin dare, suka danganta shi da kunun kanwa mai yawa da wanka da tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano ya ƙara nuna hannun rashin abinci mai gina jiki a cikin wannan ciwo. Duka biyun darasi ɗaya suke koya mana: a ƙara abinci, a rage kanwa. Kanwa danginsu ɗaya da gishiri, tana tara ruwa a jiki, tana ƙara wa zuciya nauyi, balle ga wadda jininta ya hau. Wanka da ruwa mai ɗumi yana da amfani, amma ruwan da ke saluɓe fata cuta ne, kuma ƙa'ida ce tabbatacciya a addininmu cewa ba a cutar da kai, ba a cutar da wani. Muna roƙon iyayenmu mata da ungozomomi, waɗanda wannan aiki ke hannunsu, su dubi wannan magana da idon rahama.

Haka nan a san alamomin da ba a jira da su: jini mai zuba ba ƙaƙƙautawa, zazzaɓi, ruwa mai wari, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, jijjiga, numfashi sama-sama, kumburin fuska da ƙafafu, ko yoyon fitsari. Duk wadda aka ga ɗaya daga cikinsu gare ta, a kai ta likita nan take, kada a ce sai an yi suna ko sai ta yi arba'in. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nasiha a duba mai jego cikin awa 24 na farko, da kwana na 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da bayan mako 6. Ta kuma ci gaba da shan ƙwayoyin ƙarin jini yadda aka umurce ta. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2012 ta nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 mata 535 ne ke rasa rayukansu a Nijar, kuma zubar jini yana kan gaba cikin sabubban irin wannan mutuwa.

Wani zai ce ai kwana ne ya ƙare, kuma wadda ta rasu wajen haihuwa shahada ta yi. Gaskiya ne, muna yi mata fatan wannan daraja. Amma shahadarta ba ta wanke wanda ya yi sakaci da ita ba, kamar yadda Annabi (SAW) ya umurci mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya yi tawakkali. Mu duba yadda Allah da kanSa Ya sauƙaƙa mata: Ya ɗauke mata salla muddin jinin biƙi yana zuba, ba tare da ramuwa ba, Ya jinkirta mata azumi. A mazhabarmu iyakar wannan jini kwana 60 ne, in kuwa ya ɗauke kafin haka sai ta yi wanka ta yi salla. To, idan Mahalicci Ya sassauta mata haƙƙinSa, da wane dalili bawa zai tsananta mata a kan nasa?

Muna kira ga limamai su riƙa tunatarwa a kan wannan a wurin ɗaurin aure da raɗin suna. Maƙwabta kuma su mayar da wani abu na barka ya zama mudun wake ko sabulu ko kaza, a kai shi tun kwanakin farko. Mawadata su nemi matan da mazansu suka rasu ko suka yi nisa, su yi musu wannan tanadi don neman yardar Allah.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba masu jego ƙarfin jiki, Ya raya abin da aka haifa bisa tafarkin Musulunci, Ya jiƙan uwayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin iyalanmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.